Kamfani ko aljihuna: yadda na fitar da littafina na farko

Littafina na farko labarin wata mata ne da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya da gida ɗaya tal a cikin birni, dangin miji suka taso ta gaba wai sai an sayar an raba gado. A waya na rubuta shi, da daddare in na gama makin ɗin aikin ɗalibai, don koyarwa nake a firamare. Da na gama, abin da ke raina kawai shi ne kamfani ya karɓa ya buga, saboda mu da muka taso da littattafan kamfanin ɗab'i na NNPC Zariya a jakar makaranta haka muka san littafi, ka juya baya ka ga tambarin kamfani, malami ya riƙe a aji yana cewa a buɗe shafi kaza. Na kasuwa kuwa a ɓoye muke karanta su, cikin hijabi ko a tsakiyar littafin lissafi, duk da dai in za a faɗi gaskiya su ne suka koya wa yawancinmu karatun Hausa da sauri.

To sai na fara aika wa kamfanoni. Ba sai na kira suna ba. Wasu ta imel, wasu na sa aka buga min a shagon kwamfuta aka yi masa bayindin na ba ƙanina ya kai da hannu. Shiru dai ita ce amsar da ta fi yawa, kuma shirun nan ba ka san ko an ƙi ba ne ko ba a ma buɗe ba, in ka kira a ce miki wanda yake duba na Hausa ba ya nan, Hajiya ki sake kira. Wuri ɗaya ne aka kira ni aka ce in zo mu zauna.

Editan dattijo ne, ya karanta labarin da gaske don har sunan ƙanwar mijin ya riƙe, kuma a kan teburinsa na ga kwafin da na aiko duk ya sha jan biro. Ya ce, "Malama, labarinki yana da kyau, amma bari in gaya miki yadda muke cin abinci a gidan nan. Mu ba mai shiga kasuwa ya sayi littafi ɗaya muke jira ba. Makaranta muke jira." Ya yi min bayani tiryan-tiryan, cewa littafin Hausa a wajensu ba ya mayar da kuɗinsa sai ya shiga jerin littattafan da ma'aikatar ilimi ta wata jiha ta amince da su, ko ya shiga manhajar WAEC ko NECO ko JAMB, a nan ne duk shekara ɗalibai dole su saya. Saboda haka in ina so su ɗauka, sai na rage shi kusan rabi, na cire wajen da matar ta yi zaman aure na biyu aka sake ta, na sassauta rigimar kotu, sannan a ƙarshen kowane babi a sa tambayoyi da ma'anar kalmomi masu wuya. Na ce ranka ya daɗe ai auren na biyun nan shi ne tsakiyar labarin. Ya yi dariya ya ce ya sani, shi ma nan ya fi so, amma ɗan aji uku na sakandare za a ba.

Ban ji haushinsa ba wallahi, don bai ɓoye min komai ba. Kuma da na koma zaman karatu na ƙungiyar marubuta ta ANA reshen Kano na ba da labari, wani babba a cikinmu ya ce ai tun asali haka abin yake, mu ne muke ɗauka akwai lokacin da kamfani yake zaune yana jiran sabon marubuci ya ƙwanƙwasa ƙofa. Littattafan farko na ƙagaggun labarai da boko daga gasar 1933 suka fito, wadda Rupert East ya shirya, kuma dalilinta shi ne a samu abin karantawa a makarantu, a nan Abubakar Imam ya fito. Kamfanin Gaskiya a 1945, NNPC a 1966, duk da gwamnati da makaranta a bayansu. Hajiya Hafsat Abdulwaheed ma ta hanyar gasar NNPC littafinta ya fito a 1980. Wato ƙofar kamfani a Hausa kusan kullum gasa ce ko manhaja. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980 kamfanoni suka ja baya daga labarai, shi ne matasa irin su Talatu Wada Ahmed da Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino suka kama buga nasu da kansu suna kaiwa kasuwa, aka yi ta musu gori ana cewa adabin kasuwar Kano, amma dai su aka karanta daga nan har Agadas da Kumasi. Na fito daga zaman nan ina ta juya maganar.

Duk da haka na karɓi takardar yarjejeniyar kamfanin dattijon nan na kai wa yayana, ɗan wan babanmu ne, lauya. Ya sa gilashi ya karanta yana ta guna-guni. Abu na farko da ya nuna min shi ne kason marubuci, abin da suke cewa royalti, kashi 10 cikin 100, na ce ai na gani, ya ce a'a ba ki gani ba, duba kashi 10 na mene ne. Ashe ba na kuɗin da ke jikin bango ba ne, na abin da ya shigo hannun kamfani ne bayan an cire ragin da suke yi wa masu shago. Ya ɗauki biro ya yi min misali a bayan ambulan: a ce littafi naira 2,000 ne, mai shago an yi masa ragin kashi 30, kamfani ya karɓi 1,400, naki 140 ke nan, kuma sau ɗaya a shekara ake lissafi, kuma su ne masu riƙe da littafin lissafin. Abu na biyu kuma shi ya fi ɗaga masa hankali, layin da ya ce na miƙa musu haƙƙin littafin ta kowace siga, har fim da karantawa a rediyo da fassara, ba a kuma sa wa'adi ba, ba a ce in sun daina bugawa haƙƙin zai dawo gare ni ba. Ya ce ƙanwata, a garin da Kannywood take ki sa hannu ki ba da haƙƙin fim kyauta? Ya ƙara min da cewa a dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tun ranar da na rubuta labarin ya zama nawa, ba sai na yi rajista ba, kuma haƙƙin yana bin magada shekara 70 bayan ran mutum, saboda haka ba ƙaramin abu ake nema in sa wa hannu ba. Shi dai ya kwatanta min abin da aurar da 'ya, ya ce in kin ba su ita sai yadda suka yi da ita, to ko ba komai a san gidan da za ta da kuma hanyar dawowa in zama ya ƙi.

Amma kar wani ya ɗauka takardar ba ta da alheri. Ba zan biya ko sisi ba. Su za su gyara, su tsara, su yi bango, su sayi takarda, su ajiye a sito, su aika wakilansu makaranta-makaranta. In littafin bai tafi ba asararsu ce. Ga wanda albashinsa na firamare ne wannan magana ce babba, na kwana biyu ina jin kamar in yanke labarin kawai in huta.

Akwai kuma wasu na uku da suka ɓullo a tsakani, ban san ma yadda suka samu lambata ba. Suna da ofis da allo da suna mai daɗi, suka ce sun karɓi littafina da hannu biyu, kwana kaɗan kuwa da aikawa, na san dai ba a karanta ba. Sai ga takarda da farashi, fakej na ɗaya, fakej na biyu. Ni zan biya kuɗin gyara da bugu gaba ɗaya, su sa tambarinsu da lambar ISBN ɗinsu, wato lambar shaidar littafi, a ba ni kwalayena in tafi. Na tambayi yaron da ke ofishin, to ku ina za ku kai littafin, wane shago, wace makaranta? Ya ce za su sa a shafinsu na Facebook. Ba haramun suke yi ba, aiki ne suke sayarwa, amma ni a ganina wannan buga wa kai ne da tsada, an ɗora masa hular kamfani. In kuɗina ne zai yi aikin gara sunana da ikona su zauna a kai.

Daga nan na ce bari in je in ga ɗaya ɓangaren da idona, muka shiga kasuwar Sabon Gari ni da ƙanina wajen 'yan littafi. Wani Alhaji da ya daɗe a harkar ya ba mu benci ya sa aka kawo ruwa. Rabin shagon yanzu littattafan makaranta ne da na addini da kayan rubutu, labaran Hausa suna can sama a ɗaure da igiya, bangon wasu har ya koɗe. Ya ce, "Hajiya, da kin zo shekarun baya da ni zan sayi rubutun ma a hannunki in buga, na ɗaya na biyu na uku, kafin na ɗaya ya ƙare mata suna aiko yara ana tambayar na biyu. Yanzu waya ta cinye mu." Ya ce zai karɓi nawa in na buga, amma ba da kuɗi a hannu ba, sai an sayar. Na tambaye shi yaushe ake biya, ya ce in Allah ya kawo kasuwa. Na gane.

Wayar da ta cinye su kuwa ni ma a cikinta nake, don tun kafin in gama labarin ina sakin wasu shafuka a WhatsApp da Wattpad, kuma na san yadda 'yan uwa marubuta mata suke yi: a saki farkon labari kyauta, in ya kai inda ya yi zaƙi a ce daga nan na kuɗi ne, ki tura kaza ta wannan asusun ko katin waya a sa ki a guruf. Akwai masu sa nasu a ArewaBooks, manhajar karanta littattafai a waya. Akwai waɗanda da can suka dogara da OkadaBooks, sai ga shi a ƙarshen Nuwamban 2023 an rufe shi, kowa ya kwashi nasa ya nemi wani wajen. Wannan ya sa na ƙudurta ko me zan yi a intanet, sai na riƙe lambobin masu karatuna a hannuna, kuma sai littafin ya fito a takarda, wanda ba mai rufe shi da sanarwa ɗaya.

Abin da ya yanke min shawara a ƙarshe ba lissafin riba ba ne, tambaya ɗaya ce: wa zai karanta labarin nan, kuma wa ya san hanyar gidansa? Kamfani ya san hanyar ofishin firinsifal da ma'aikatar ilimi. Masu karatuna kuwa matan aure ne da zawarawa da 'yan mata na jami'a da kwaleji, waɗanda suke turo min murya da tsakar dare suna cewa wallahi Anti haka aka yi wa mamanmu. Waɗannan ni na san inda suke, kamfani bai sani ba, ba ya ma nemansu. Sai na koma wajen dattijon nan na yi masa godiya na ce zan gwada da kaina. Ya ce Allah ya ba da sa'a, amma in yi wa Allah kar in kai maɗaba'a ba a gyara ba. Ya ma bar min kwafin nan mai jan biro.

Wannan shawarar tasa ita na fi riƙewa, kuma a nan na fi kashe kuɗi da ƙarfin zuciya. Don abin da kamfani yake da shi wanda mu masu buga wa kanmu muke tsallakewa shi ne edita, shi ya sa ake raina mu, ba don takarda ko bango ba. Na samu wani malamin Hausa da ya yi ritaya daga kwalejin ilimi, muna ce masa Baba Malam, muka yi ciniki. Na ɗauka ƙa'idojin rubutu kawai zai duba, inda na haɗe abin da ya kamata a raba, inda na bar ƙugiya, to ya duba wannan ɗin kam, ba shafin da ya tsira (kar ku auna da wannan rubutun, nan hira muke). Amma abin da ya fi amfani shi ne tambayoyinsa. Ya ce yarinyar nan a babi na 3 tana aji biyu, a babi na 9 an ce shekara ɗaya ta wuce amma tana rubuta jarrabawar fita, yaya aka yi? Ya ce rabon gadon da alƙali ya yi a labarin bai yi daidai ba, matar da mijinta ya bar 'ya'ya tumuni take samu, ɗaya bisa takwas, ni kuma na ba ta rubu'i, in littafin ya fita haka malamai za su yi min ca kuma suna da gaskiya. Ya sa na je na zauna da wani malamin fiƙihu muka sake lissafin gidan gaba ɗaya, har da kason uwar mamacin, kuma gyaran nan sai ya ƙara wa rigimar labarin armashi don yanzu kowa a cikin dangin yana da hujjar da yake riƙe da ita. Akwai babi guda da ya ce in cire, na ƙi, muka yi ta ja, daga baya muka tsaya a kan rage shi. Bambancin ke nan da kamfani, a nan in na ƙi an ƙi.

ISBN ba wuya kamar yadda ake tsoratarwa. Laburaren Ƙasa ne yake bayarwa, ka cike fom ka biya, lambobin Najeriya da 978-978 suke farawa, kuma bayan littafi ya fito doka ta ce mai bugu mai zaman kansa ya kai musu kwafi 3 su ajiye. Na sa wa kaina sunan ɗab'i na karɓa da shi. Sannan mu a Kano akwai hukumar tace fina-finai da ɗab'i, tun 2001 take, kuma littafi ma yana ƙarƙashinta, saboda haka na bi ta nan kafin in shiga kasuwa don kar a zo ana kwashe min kaya a shagon mutane.

Maɗaba'a kuwa makaranta ce guda. Mai injin, wani Malam mai haƙuri da hannunsa kullum baƙi da tawada, shi ya zaunar da ni ya koya min abin da ya kamata in sani kafin in yi ciniki. Na farko takarda, ita ce fiye da rabin kuɗin, kuma daga waje ake shigo da ita tunda masana'antun takardarmu na Jebba da Iwopin da Oku Iboku sun daɗe ba sa wadatar da kowa, to tun da aka saki naira a Yunin 2023 dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu ta haura 1,500 a farkon 2024, farashin rim ya zama na yau daban na gobe daban. Ya ce duk farashin da ya ba ni na kwana kaɗan ne, in na shirya in kawo kuɗin takarda a saya a ajiye, sauran a biya a hankali. Ya ɗauko min takardar jarida, irin ta littattafan kasuwa na da, mai araha amma tana yin ja tana karyewa, ya ɗauko fara mai giram 70, ya ce in ɗaga su a rana in ga wadda rubutun baya yake fitowa. Na zaɓi farar, na san zan ji a jikina.

Na biyu faleti, wato farantin ƙarfen da ake ƙona shafuka a jikinsa a ɗora a inji ya buga. Kuɗin faleti da ɗora shi a inji ɗaya ne ko kwafi 200 za ka buga ko 2,000, shi ya sa kowane mai inji zai ce maka ka buga da yawa ya fi sauƙi, kuma gaskiya ne a kan kowane kwafi, amma ba shi zai kwana da kwalayen a ɗaki ba. Sannan shafuka 16-16 ake bugawa a naɗe, littafina ya tashi shafi 212, ya ce ko in ƙara ya kai 224 in biya takardar banza ko in rage ya dawo 208. Muka matse sadaukarwa da godiya a shafi ɗaya, muka cire wani fili, ya zauna 208 cif.

Sai rigimar ƙugiya. Yaron da ke tsara shafuka ya kwashe rubutuna ya zuba a manhajar CorelDraw, ya zaɓi wani salon rubutu mai kyau, aka fitar min da gwaji. Ina buɗewa na ga duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ take ta zama ɗan akwati, wani wajen kuma harafin ya fito amma siriri daban da 'yan uwansa kamar baƙo. Ya ce bari ya mayar da shi Rabi'at, tsohon salon nan da aka daɗe ana buga Hausa da shi, sai abin ya sake rikicewa don ni da allon waya na rubuta, ita kuma Rabi'at maɓallan baka-biyu take ara ta mayar ƙugiya. Ƙarshe dai muka nemo salon da yake ɗauke da haruffan da kansa, aka mayar PDF, na zauna a kan kujerar roba kusa da janareta na bi shafi 208 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya kafin in sa hannu a yi faleti. Duk wanda zai buga Hausa ya duba wannan da idonsa, har kan bango da ƙashin bayan littafin, don in aka ƙona faleti gyara sabon kuɗi ne.

Yawan da zan buga kuwa ban yi kintace ba. Da bango ya fito na sa a sitatus na ce ga littafi nan tafe, duk mai so ta biya yanzu da ragi, sunanta yana cikin na farko. Alat ya fara shigowa kaɗan-kaɗan, ina rubutawa a wani littafin rajista irin na makaranta, suna da gari da lamba. Kuɗin nan da adashen da na ɗauka su suka sayi takarda. Da na ga adadin waɗanda suka biya, sai na tsaya a 500 duk da mai inji yana ta ja na zuwa 1,000. Wasu sun ce in yi ƙaddamarwa in gayyato manya a tara kuɗi, na lissafa kuɗin zaure da abinci da kati, na kuma tuna waɗanda na sani da aka yi musu alƙawarin miliyoyi a lasifika suka shekara suna zarya a ƙofar ofis, na ce a'a. Walima muka yi a gida, Baba Malam ya yi addu'a.

Ranar da aka kawo kwalaye a Adaidaita na yi murna ba kaɗan ba, amma daga ranar na zama 'yar kasuwa, kuma wannan ne ba a gaya wa sabon marubuci. Ni ce mai ɗaure saƙo da salatif, ni ce mai rubuta lamba a jiki, ƙanina ya kai tashar Unguwa Uku na Zariya da Kaduna, ya kai Ƙofar Ruwa na Katsina, a ba direba a kira mai saƙo a ce ga lambar mota. Wata ta ce direba bai kira ta ba, wata ta ce an jiƙa mata da manja. 'Yan Maraɗi da Damagaram suna so amma biyan ya zama aiki, sai da na samu wata baiwar Allah a can tana karɓar sefa ta Nita, kamfanin aika kuɗi na Nijar, tana haɗawa, ni kuma in aika mata kwali guda ta raba. Watannin nan ko layi ɗaya na sabon labari ban rubuta ba, in na ɗauki waya lissafi nake. A nan na fahimci abin da kashi 90 ɗin kamfani yake biya, ba zalunci ba ne duka, akwai aiki a ciki.

Na shago kuwa kamar yadda Alhaji ya faɗa, sai an sayar. Yana biya, amma a gutsure, in ƙanina ya je a ba shi na kwafi biyar a ce sauran sai wani satin. Abin da ya fi tafiya shi ne hannu da hannu, da kuma malaman Hausa na kwalejoji biyu da suka karanta suka sa ɗalibansu su yi nazari a kai, wannan kuma albarkacin gyaran Baba Malam ne, da a yadda na rubuta shi da farko ne ba malamin da zai kai shi aji.

Sata ma ta zo da wuri. Na sayar da PDF ga waɗanda suke Saudiyya da Sudan da inda saƙo ba ya kaiwa, ba a jima ba na gan shi yana yawo a guruf-guruf kyauta, har wata ta turo min shi ni kaina tana cewa Anti kin karanta wannan, ya yi daɗi. Sannan wani mai tasha a YouTube ya fara karanta shi babi-babi ba sallama. Ban tsaya yin Allah ya isa a sitatus ba, yayana ya rubuta masa 'yar takarda, muka kuma kai ƙorafi ta hanyar da YouTube ɗin ta tanada, ya kira yana ba da haƙuri, ƙarshe ma muka daidaita ya biya ya ci gaba da izini, yana faɗar inda ake samun littafin a farkon kowane babi. Da na sa hannu a waccan takardar, wannan cinikin ba ni zan yi shi ba.

Uwar kuɗina ta dawo, da ɗan abin da ya hau kai wanda bai kai a yi masa guɗa ba in aka lissafa wahalar, kuma akwai sauran kwali ɗaya da rabi a ƙarƙashin gado da bashin da ke kasuwa. Yanzu ina haɗa wasu gajerun labarai na yara, irin waɗanda nake ba 'yan ajina ranar Alhamis in an gaji, kuma wannan kam wajen dattijon nan zan kai, don littafin yara yana son zane mai launi wanda aljihuna ba zai ɗauka ba, kuma masu sayensa makarantu ne, hanyar da su suka sani ni ban sani ba. Na riga na kira shi ya ce in kawo. Yayana ya ce wannan karon tare za mu je, zai nemi a sa wa'adin shekaru a takardar, a cire fim da murya daga ciki, a kuma rubuta cewa in littafin ya ƙare a kasuwa ba su sake bugawa ba haƙƙin ya dawo hannuna.